Fadamar Innarmu Ta Shiga Littafi

Yayata Ravdna ta shekara talatin da ɗaya tana buga littattafai a garejin mijinta, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin ta ce aikin yana mata daɗi ba. In aka tambaye ta, cewa take bayanta na ciwo. Ni ce mai ɗaure mata kwalaye in kai gidan waya, don haka nawa bayan ma ba lafiya gare shi ba, sai dai ni ba a tambayata.

Mu 'yan ƙabilar Sami ne, ƙauyenmu yana can ƙuryar arewacin Norway a bakin kogi, gida arba'in da 'yan kai in an haɗa da waɗanda masu su suka koma birni. Ravdna ta girme ni da shekara huɗu. Tana da shekara bakwai aka kai ta makarantar kwana inda ba a yarda yaro ya yi magana da harshen gidansu ba. Ta dawo ta iya harshen Norway tsaf, ta kuma dawo da wani irin shiru da har yau bai sake ta ba. Da ta girma ta yi aikin buga takardu a ofishin ƙaramar hukuma, ta auri Lemet mai gyaran baburan ƙanƙara, ta haifi 'ya'ya biyu. Ba wanda ya taɓa kawo mata littafi a ransa.

Wani baƙo ne daga kudu ya jefa ta cikin wannan wahala. Ya zo wata bazara da jakar takardu, ya tare a kicin ɗin Innarmu wata biyu, yana shan kofinta, yana cin busasshen naman barewarta, yana rubuta duk abin da ta faɗa. Bayan shekara biyu littafi ya fito da harshen Norway. A ciki har da maganar da Inna ta yi a kan rigimar da aka yi a bikin ƙanenta, wa ya sha ya yi tatil, wa ya zagi wa. Gida biyu suka shekara tara ba sa gaisawa. Da aka tuhumi baƙon ya rantse ya nemi izini, kuma Inna ba ta ce a'a ba. Gaskiya ya faɗa. Inna ba ta taɓa ce wa wani a'a ba tun da aka haife ta. Tashi ta yi ta ɗora kofi, ta ce da alama za a yi ruwa. Duk ɗan ƙauyenmu ya san in ka roƙi abu aka tashi aka ɗora kofi aka shiga zancen sama, to an hana ka, sai ka sha kofinka ka yi godiya ka tafi. Shi bawan Allah ya ɗauka karamci ne.

Ranar da Ravdna ta gama karanta littafin nan ta ce wa Lemet ya kwashe ƙarafunansa daga rabin garejin. Da rabi ta fara, bayan shekara biyar Lemet ya koma gyara a waje ƙarƙashin tamfol.

Doka ɗaya ta kafa wa maɗaba'arta, ba ta kuma taɓa rubuta ta ba. Duk wanda ya ba ta labari, sai ta koma kicin ɗinsa ta karanta masa da baki, tun daga farko har ƙarshe, sannan ta ajiye takardun a tebur ta jira. In ya tashi ɗora kofi, ta tattara kayanta, labarin ya shiga kwali ke nan. In kuwa ya fara gyara mata, ya ce ai karen ba baƙi ba ne, ja ne, to ya yarda. Na sha ganin aikin wata shida ya mutu a kan butar kofi ɗaya. Nakan yi ta masifa a mota muna komawa, ita ko tana ta tuƙinta. Duk da haka ta fitar da littafi sittin da wani abu: labaran masunta, waƙoƙin coci, littafin ƙirga na yara, tarihin ƙaurar garke. Ba su sa ta yi arziki ba, ba su sa ta yi suna a kudu ba. Amma ba gidan da ya daina gaisawa da wani saboda littafinta.

Wanda aka fi so duka shi ne na Siessa Magga, ƙanwar babanmu Heika. A lokacin tana da shekara saba'in da tara, bakinta kuwa bai tsufa ba. Rabin littafin a kan luomi ne, wasu ƙananan 'ya'yan tsiro masu daɗi da ke fitowa a fadama, don rabin rayuwarta a kan luomi ta yi shi. Ƙarshen watan Yuli, in fadamun kan tudu suka yi ruwan ɗorawa da 'ya'yan nan, ba mai zaman gida a ƙauyenmu. Kowace mace tana da fadamarta da ta gada daga uwarta ko uwar mijinta, ba shinge, ba takarda, kuma ba a faɗa. In ka gamu da mace da bokiti cike ka ce a ina ta tsinko, za ta ambaci wani wuri can nesa, ta gabas in ta yamma ta fito. Kai ka san ƙarya ce, ita ta san ka sani, ka ce madalla, ku wuce. Ladabi ne. Wanda ya faɗi gaskiya shi ne mara tarbiyya.

To haka Siessa ta yi a littafinta. Babi bayan babi tana kwatanta yadda take hawa gabas, ta wuce tafkin agwagi, ta shiga wata fadama mai albarka a bayan jan dutse. Wurin nan kuwa tsakuwa ce zalla, ko sauro ba ya ɓata lokacinsa a can. Ravdna ta sani sarai, ta buga haka. Ranar da aka ƙaddamar da littafin a zauren ƙauye, ana zuwa babin jan dutse mata suka yi ta dariya har da hawaye, Siessa tana zaune a gaba ta haɗe rai kamar ba ita ba. Wannan ita ce rana ɗaya da na ga Ravdna ta yi dariya a bakin aiki.

Bayan shekara goma sha biyu wani kamfanin fasa dutse ya nemi izinin yanka titi ta yammacin ƙauye zuwa tsauni. Titin zai ratsa tsakiyar fadamar Siessa ta gaskiya. Aka kafa kwamiti ya binciko ko mutane suna amfani da wajen. Muka je zama a watan Afrilu, muka sa kayanmu na gargajiya, muka zauna a kujerun roba. Lauyan kamfanin mutum ne mai ladabi, ya biya an fassara masa littafin Siessa daga bango zuwa bango. Ya ɗaga shi sama, ya yaba wa maɗaba'ar, ya ce abin alfahari ne a ce mutane sun rubuta tarihinsu da hannunsu, ba wani baƙo ya rubuta musu ba. Sannan ya karanta babin jan dutse. Ya ce ga shi daga bakin dattijuwar da ta fi kowa sanin ƙasar, duk tsinkar luomi a gabas ake yi, kuma cikin shafi ɗari biyu ba a ambaci yamma ko sau ɗaya ba. Kamfani ya yi alkawarin ba zai taɓa jan dutse ba.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Na juya na dubi Ravdna, na ga tana kallon takalminta.

Lauyanmu Jovsset, ɗan ƙauyen gaba, ya same mu a waje yana ta goge tabarau. Ya ce kwamiti ya ba mu mako uku mu kawo hujja a rubuce. Maganar baki ba za ta yi ba, don kowa zai iya tashi yau ya ce kakarsa ta tsinki luomi a ko'ina. Abin da yake so shi ne sabon bugu na littafin, da sunayen gaskiya, da taswira, da shekaru. Na ce masa ai sai mu gaya musu al'adarmu ce, ba a faɗin wurin. Ya ce zai faɗa, amma in ya tsaya a nan, abin da za su ji shi ne littattafan Ravdna ƙarya ake bugawa a ciki, kuma akwai ƙauyuka biyu da suka riga suka kafa hujja da wasu littattafanta a shari'ar kamun kifi.

Washegari da hantsi muka tafi gidan Siessa. Tana da shekara casa'in da ɗaya, ba ta gani sosai, amma ta ji labarin zaman kafin mu cire takalma. Ravdna ta zauna ta yi mata bayani tiryan-tiryan, ba ta ɓoye komai ba: in ba a buga ba titi zai bi ta fadamar, in an buga kowa zai san ta. Siessa ta saurara har ƙarshe. Sai ta dafa tebur ta miƙe da ƙyar, ta laluba ta ɗauko buta.

"Ƙanƙarar bana ta ƙi tafiya," in ji ta. "Ina jin sai Yuni kogi zai buɗe."

Ravdna ta ce haka ne, Siessa. Muka sha kofi, muka yi godiya.

A mota na sauke mata duk abin da ke cikina. Na ce tsohuwar nan ta shekara shida ba ta taka fadamar ba, ba kuma za ta sake takawa ba. Na ce mu biyu mun san wurin kamar tafin hannunmu, tun muna yara take aikenmu da bokiti. Taswira ce kawai, minti goma za ta zana ta, Siessa ba ta ma gani balle ta karanta. Na ce wace irin doka ce za ta sa a zuba kwalta a kan abin da ake son karewa? Ban rage komai ba, har da cewa taurin kanta ne ya sa 'ya'yanta suka gudu birni, wanda ba gaskiya ba ne, aiki ne ya kai su.

Sai da muka iso ƙofar gidana ta yi magana.

"Gadja, in na buga, me ya raba ni da mutumin da ya zauna a kicin ɗin Inna?"

Na ce shi don kansa ya yi, ke don ita za ki yi.

"Shi ma haka ya ce," in ji ta.

Na buga ƙofar motar na shige gida. Kwana tara ban leƙa garejin ba. Ina jin haushinta, ina jin haushin Siessa, ina kuma jin haushin mu duka, mutanen da suka iya ɓoye abu har suka ɓoye shi daga kansu. Na gaji da zama cikin mutanen da komai nasu sai an zagaya. Lemet ya gaya mini a shago cewa tana shiga garejin tun safe ba ta fitowa sai cin abinci, ya ce bai san me take bugawa ba, bai kuma tambaya ba, don yana son zaman lafiya.

Rana ta goma, da misalin ƙarfe goma na safe, sai ga ta a kicin ɗina da takardu a cikin jakar leda. Ba ta zauna inda ta saba zama ba. Ta ja kujerar baƙi, ta sa tabarau, ta daidaita takardun a tebur, yadda na ga ta yi a kicin sittin da wani abu. A nan na gane karatu ta zo yi mini.

Shafi talatin da biyu ne. A karon farko tun da ta fara buga littattafai, sunanta ne a wurin sunan marubuci. Labarin fadamar Innarmu ne, wadda ita ma take yamma, tafiyar rabin sa'a ƙasa da ta Siessa. Ta rubuta yadda ake zuwa, daga gadar katako, a bi rafi, a karkata a wurin bishiyar da tsawa ta tsaga. Ta rubuta sunan wurin na gaskiya, wanda ban taɓa jin an faɗe shi a gaban wanda ba jininmu ba. Ta jera shekaru tun daga kakar Inna, shekarar da sanyi ya kashe fure, shekarar da muka cika bokiti goma sha ɗaya, shekarar da Inna ta je da cikina wata takwas ta ƙi dawowa sai da ta cika nata. Ta sa hotuna huɗu daga akwatin Inna, tsaunin yana bayanmu, ba mai iya musun wurin. A shafin ƙarshe ga taswira. Fadamar Siessa ba ta ciki, ko ɗigo. Amma duk mai hankali zai ga titin ba zai kai tsauni ta yamma ba sai ya yanke rafin da ke shayar da tamu.

Ta karanta ba ta ɗaga kai ba. Da ta gama ta ajiye takardun ta naɗe hannu. Rabin fadamar nawa ne, shi ya sa ta zo.

Ba zan yi ƙarya ba, ban so ba. Wurin nan shi ne abu ɗaya da ya rage mini wanda ba na kowa ba. Mijina ya rasu, ɗiyata tana kudu tana magana da 'ya'yanta da harshen Norway, wanda aka doke mu don mu koya. Mako biyu a shekara nakan hau can in durƙusa cikin sauro, in ji kamar Inna tana bayan wancan tudu tana tsinkar nata. Kwana goma da suka wuce ni ce nake cewa taswira ce kawai, minti goma. Ashe da sauƙin faɗa in fadamar wata ce.

Na tashi na ɗauki buta. Wallahi ban san na ɗauka ba, hannuna ne ya tafi da kansa. Ina cika ta da ruwa na ji ƙarar takarda a bayana. Ravdna ta fara tattarawa, a natse, ba fushi, ba roƙo, tana mayar da su cikin leda. Da na bar ta, da ta sha kofina ta yi godiya ta tafi, ba kuma za ta sake tayar da maganar ba har mu mutu. Na san haka, kuma sanin haka ne ya karya ni.

Na ajiye butar a kan tebur ban kunna wuta ba.

"Bokiti goma sha biyu ne," na ce. "Ba goma sha ɗaya ba. Kin manta wanda kika zubar a rafi, Inna ta sa kika tsince shi ɗaya-ɗaya."

Ta daina tattarawa. Sannan ta zaro takardun, ta ciro biro daga aljihu, ta gyara. Na ce kuma bishiyar ba tsawa ce ta tsaga ta ba, Baba ne da gatari, tsawar ƙaryar Inna ce. Ta gyara wannan ma. Muka yi sa'a biyu ina gyara mata, rabin gyaran ba ma wani kuskure ba ne.

Ta buga kwafi ɗari a ƙaramin injinta, da harshenmu a hagu, harshen Norway a dama, don wannan karon so take su karanta. Ni na ninke, na danna musu ƙusa, na kai gidan waya. Ta sa shi a kantin ƙauye kusa da sauran littattafan, don Jovsset ya ce hujjar da aka ɓoye ba hujja ba ce. Sai da kwamiti ya shekara guda da rabi kafin ya yi magana. Aka ba kamfani izini, amma aka ce titin ya zagaya ta arewa, bayan tsauni. Ba su ce mun yi nasara ba, mu ma ba mu ce ba. Ana jin ƙarar manyan motoci in iska ta juyo.

Bara, ƙarshen Yuli, muka hau ni da ita kamar kullum. Tun daga gadar katako muka ga sawun takalma. A wurin bishiyar akwai toka inda wasu suka dafa kofi. Fadamar kuwa an share ta tas, har waɗanda ba su nuna ba an tsige su da ganyensu, abin da Inna za ta iya marin mutum a kansa. Ba baƙi ba ne, ko ba duka ba. Na gane sawun babur mai ƙafa huɗu na wani maƙwabcinmu, na kuma san matarsa ta sayi littafin. A coci ranar Lahadi ta gaishe ni da fara'a, na amsa da fara'a. Muka yi sa'a uku muna zagaye, abin da muka samu bai rufe gindin bokiti ɗaya ba. Ravdna ta zauna a kan dutse ta ce bayanta na ciwo. Na ɗauki bokitin muka gangara gida.

Bayan kwana biyu Siessa ta aiko a kira mu. Muka same ta a kicin, shekara casa'in da uku, ta ƙara ƙanƙancewa. A kan tebur ga bokiti cike da luomi har baki, manya, nunannu, irin waɗanda wuri ɗaya ne kawai a ƙasar nan yake fitar da su. Surukarta ce ta hau ta tsinko mata. Ba ta ambaci littafin ba, ba ta ambaci titin ba. Ta tura bokitin gaban Ravdna da hannu biyu.

"Ku raba ke da mai bakin nan," in ji ta. "Ku dawo mini da bokitina, 'ya'yan Heika, na san halinku."

Ravdna ta daɗe tana kallon bokitin. Ta san abin da ladabi ya ce a tambaya, sai ta tambaya.

"A ina aka tsinko, Siessa?"

"Gabas," in ji Siessa. "Bayan jan dutse. Ai yana cikin littafi."

Ravdna ta ce madalla. Muka ɗauki bokitin tare, ita hannu ɗaya ni hannu ɗaya, don ya yi wa kowaccenmu nauyi, muka kai shi mota.